Rowar Mai

Shekara talatin da ɗaya Iya tana haɗa wa injin sare itace mai, ba a taɓa cewa ta kashe ko ɗaya ba sai ranar Talatar nan.

Aikin ba shi da yawa a ido. Fetur lita huɗu a jarka, man inji gwangwanin madara ɗaya, a rufe a girgiza har hannu ya gaji. Tun mijinta yana raye take yin sa a ƙofar ɗakin ajiya, kafin ma'aikata su iso filin katako. Da ya rasu, ɗanta Dogo ya gaji filin da ma'aikata biyar da tsohon injin uban, ita kuma ta ci gaba da jarkarta. Ko sunanta aka rubuta ba za ta gane ba, amma in ta shinshina fetur ta san ko an yi masa algus.

Wata huɗu da suka wuce tsohon injin ya gama aiki, Dogo ya sayo sabon samfuri. Ran Talata sabon ya tsaya cak a tsakiyar wani gungume, aka ja igiya har aka gaji bai ko yi tari ba. Dogo ya kira mai shagon da ya sayar masa, ya buɗe muryar wayar don hannunsa duk mai ne, ma'aikata biyar na tsaye. Mai shago bai ga injin ba, amma ya ce ya buga, cikinsa ya ƙone, kuma abu ɗaya ke buga sabon inji, rowar mai. Ya tambayi wa ke haɗawa. Dogo ya ce tsohuwarsa. Mai shago ya ce to ai shi ke nan, garanti ba ya ɗaukar wannan.

Washegari Dogo ya ce wa matarsa ta karɓi haɗin mai, wai don Iya ta huta. Bai kalli Iya ba da zai faɗa. Ma'aikatan kuwa gaisuwarsu ta yi tsawo fiye da kullum, har ɗayansu ya tambaye ta, fuska a ɗaure, ko gishirin miya ma da ƙwaya take ƙirga shi.

An kira Iya masifaffiya, ba ta musa ba. An kira ta mai baki kamar reza, ta ce na gode. Marowaciya ce ba a taɓa ce mata ba.

Ran Alhamis Dogo ya shirya zuwa sayen wani injin, don akwai bishiyoyi tara a bakin hanya da aka ba shi ya kwantar kafin Litinin. Ya fito ya tarar da ita zaune a gaban mota, mataccen injin a buhu a ƙarƙashin ƙafarta. Ya ce Iya ina zuwa. Ta ce inda za shi. Ya ce sayayya ce kawai. Ta ce ita ma bakinta kawai za ta kai.

Shagon dogo ne, ƙunci gare shi, warin fetur da sabuwar roba ya cika shi. Sarƙoƙi rataye a ƙusa, kwalaye har rufi, can ciki kuma wata ƙofa da ke fita rumfar gyara. Mai shagon bai wuce sa'an Dogo ba, da riga mai aljihu da biro uku. Ya gaishe ta da Mama, ya jawo mata kujera. Ta ce tsaye ta zo, tsaye za ta koma.

Bai gane ta ba, don haka ya shiga ciniki. Ya jera wa Dogo injuna uku a kan kantar shagon. Na farko tsohon samfuri ne, irin na marigayi sak, har yanzu ana ƙera shi. Mai ƙarfin saba'in ne, in ji shi. Saba'in ɗin mene ne bai faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya ce amfaninsa kowane bakanike a gindin bishiya zai gyara shi da sukundireba ɗaya, kayan gyaransa kuma kamar ƙasa. Illarsa nauyi, da shan fetur, da girgiza, in mutum ya wuni da shi da dare cokali ma sai ya faɗi daga hannunsa. Na biyu sabon samfuri, irin wanda ke cikin buhu. Ƙarfinsu ɗaya da tsohon, amma ya fi shi rashin nauyi da kusan kilo guda, hannunsa a kan sifirin yake don rage girgiza, kuma ba a juya masa kafireto, wani ɗan abu ne a ciki ke auna iska da fetur da kansa. In ya lalace sai an jona shi da kwamfuta. Na uku babba ne, mai ƙarfin casa'in, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ya kai tsawon hannun mutum har da ƙari. Wannan na tsaga katako ne, in ji shi, ba na mai wasa ba.

Dogo ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan. Ya tambayi farashi, ya ji, ya yamutsa fuska kamar mai ciwon haƙori. Ya ce kaurin bishiyoyinsa bai kai a ce sai babban ba, kuma shi zai yini ɗauke da shi, ba mai shago ba. Tsakanin biyun ne ya rasa ta cewa. Mai shago ya ce shawararsa ya ɗauki tsohon samfuri, tunda a gidansu ba a iya haɗa mai ba, shi tsohon ya fi haƙuri.

Iya ta sunkuya ta zaro injin daga buhu, ta dire shi a kan kantar tsakanin sababbin. Garin katako ya zubo a kan rasit ɗinsa.

"Ni ce gidan nasu," in ji ta.

Mai shago ya dubi Dogo. Dogo ya dubi sarƙoƙin da ke rataye.

Ta ce ita ba ta zo neman garanti ba, ba ta san shi ba, bai san ta ba. Abu ɗaya ta zo ji: da wane ido ya ga cikin injin nan ta waya? Ya ce Mama, shekara goma yana wannan sana'a. Ta ce lokacin da ta fara tata, ana goya shi yana tsiyayar da yawu a bayan uwarsa. Ya ce ba rashin kunya ba ne, amma inji ba ya ƙarya. Ta ce madalla, a tambayi injin.

Ta kama hannun igiyar tayarwa ta ɗaga, ta bar injin yana reto. Nauyinsa ya ja igiyar, ya sauka kaɗan ya tsaya, ya ƙara sauka ya tsaya, kamar tsoho na saukowa daga tsani. Ta ce injin da ya buga ko dai igiya ta ƙi motsi, ko ya zurare ƙasa gaba ɗaya kamar guga a rijiya. Wannan da ransa. Mai shago ya ce wannan gwajin mutanen da ne. Ta ce mutanen da ne suka haife shi.

Wasu masu saye biyu da suka shigo neman sarƙa sun fasa fita. Ganin haka mai shago ya leƙa ƙofar ciki ya kira bakanikensa.

Bakaniken dattijo ne, gajere, kunnensa ɗaya ba ya ji. Bai gaida kowa ba sai ita, ya ce Yaya sannu da zuwa. Ya maimaita gwajin igiyar. Ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama, baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya kwance salansa da ƙusoshi huɗu, ya haska fitilar waya cikin ramin, ya ja igiya a hankali, ya ce ta leƙa. Ta leƙa. Wani ƙarfe ne ke hawa yana sauka, sumul, yana ƙyalli. Ya ce sunansa fistin, kuma da an yi masa rowar mai da ta gan shi da zane-zane kamar kyanwa ta yakushe shi.

"Ka ji ko?" ta ce da mai shago. "Ko kai ma kunnenka ɗaya ne?"

Bakanike bai gama ba. Ya zaro wata 'yar raga daga cikin salansar, ya miƙa mata. Ba a ganin ramukanta, baƙin gawayi ya toshe su tas. Ya tambaye ta yadda take haɗawa. Ta faɗa da alfahari, gwangwani ɗaya a lita huɗu, kuma da yake sabo ne takan ƙara masa ɗan tsiyaye a kai, don yaro ne, yana girma. Ya gyaɗa kai. Ya ce haɗin tsohon samfuri ke nan, shi ma ban da tsiyayen. Sabon rabin gwangwani yake ci, ko ɗigo ba a ƙarawa. Abin da ya yi yawa ba ya ƙonewa, sai ya taru a nan, numfashi ya gagara.

"Ba ki hana shi ba, Yaya," in ji shi. "Ɗura kika yi masa."

Dogo ya yi wani sauti a hanci, ya mayar da shi tari. Mai shago ya buɗe hannuwa ya ce to ai ga shi nan, ko ta wace hanya aka bi, hannunta ne. Kuma a rubuce yake a littafin da ke cikin kwali, shafi na sha biyu.

Iya ta ce a ba kwalin littafin ya karanta. Sai ta juya kan Dogo, ta tambaye shi ko shi da aka kashe wa kuɗin makaranta ya ga shafi na sha biyu. Ya ce littafin yana nan, matarsa ta ɗora tukunya a kai. Ta koma kan mai shago ta tambaye shi ranar da ya sayar, ya faɗa wa Dogo rabin gwangwani ne? Ya ce ya ɗauka kowa ya sani. Ta ce kowa kuwa ya sani, har da shi da ya ce rowa ta yi.

Bakanike ya fita da ragar rumfa, ya ƙone ta da wuta, ya goge da burushin ƙarfe, ya sa sabon fulogi, ya juye man ciki ya zuba nasa. Ja uku injin ya tashi, ya cika rumfar da farin hayaƙi, daga baya ya washe. Dogo ya tsaya yana kallo kamar wanda aka ce masa mamaci ya yi atishawa. Cinikin ya mutu a nan. Mai shago ya fara mayar da injuna cikin kwalaye, yana yi wa kwalayen ƙarfi fiye da yadda suke buƙata.

Dogo ya ce Iya mu tafi, an wanke ki. Ta ce a gaban wa? Ta ƙirga da yatsa, bakanike ɗaya, masu sayen sarƙa biyu da ba ta san iyayensu ba. Inda aka ɓata ta mutum biyar ne, kuma har yanzu suna can suna tambayarta gishiri. Mai shago ya ce zai kira a waya. Ta ce wayar ce ta jawo. Ya ce ba zai bar shago ba. Sai a lokacin ta ga dama ta zauna, ba a kujerar ba, a kan kwalin babban injin da ke bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu. Wani ya zo shiga, ta ce masa a nan ana duba mara lafiya daga nesa, in yana so. Mutumin ya juya. Na biyu ma ya juya.

Minti ashirin aka yi. Mai shago ya cire biro ɗaya ya mayar, ya ce wa bakanike ya kula da shago.

Mai shago ya zauna a bayan mota tare da injin, don gaba ta cika. A hanya ya leƙo ta taga ya ce shi fa gaskiya zai faɗa, dukkanta, da farkonta da ƙarshenta. Iya ta ce ai gaskiya ta zo nema, ya fara da farkon.

Ma'aikatan na zaune a kan gungume suna jiran inji. Matar Dogo ta fito ƙofar ɗakin ajiya. Iya ta sa Dogo ya ajiye injin a ƙasa kusa da ƙafarta, ta tambaye shi ko birkin sarƙa a danne yake, ya ce a danne. Mai shago ya gyara riga ya tsaya a gabansu. Ya ce shi ne ya yi magana a waya ran Talata, kuma ya yi gaggawa. Injin bai buga ba. Mama ba ta yi rowar mai ba, ko kaɗan. Ta ce ya maimaita na ƙarshen, akwai wanda ke can baya yana sosa kunne. Ya maimaita. Sai ya ja numfashi ya ce, "Sai dai abin da ya faru shi ne..."

Iya ta zura ƙafa a hannun injin na baya, ta dafe na sama, ta ja igiya. Na marigayi ko motsa igiyarsa ba ta taɓa iyawa ba. Wannan, da ɗuminsa, ja ɗaya ya kama. Ta matsa masa wuta kaɗan, ta bar shi yana ihu. Bakin mai shago na ta motsi, hannunsa na nuna rabin wani abu. Ma'aikatan suka bi bakin da kallo cikin ladabi. Da ya rufe baki, ta kashe.

Ta yi masa godiya, ta ce ya gaida mutanen gida, motar haya tana tsayawa a bakin titi. Ta ce wa Dogo, da na babansa ne da yanzu kafaɗarta ta goce, ya riƙe wannan, ba laifi gare shi ba.

Sannan ta juya ga surukarta ta ce ta kawo mata jarka, kuma ta ɗauko littafin nan daga ƙarƙashin tukunya, akwai wani shafi da take so a karanta mata a ɗaki, su biyu.