Tabo na Goma Sha Biyu

A da tabo goma sha ɗaya ne a jikina, kuma duk Zangon Lome babu wanda bai san labarin kowannensu ba. Ni ne Iddi mahauci, mai kayar da bijimi ba igiya.

Shekarar da gwamnati ta tashe mu daga tsohon Zango, wani ƙulli ya fito mini a ƙirji. Likita ya yi Faransancinsa, wata nas mai suna Zuhura ta juya mini da Hausa: ciwon dajin nono ne, in ba a yanke ba zai kashe ni.

"Nono? Dubi gemuna, yarinya."

"Na gani, Baba. Ciwon ne bai duba ba."

Aka zaunar da ni a bencin jira, mata tara, ni na goma. Wata ta tambaye ni ko matata na rako. Na gyara hulata, na kama hanya.

Bayan kwana uku sai ga Zuhura a rumfata, babu farin kaya, atamfa ta ɗaura. Mahauta na zaune. In ta ambaci kalmar nan a gabansu, na gama yawo. Tsoka kawai ta ce a yanka mata. Ina yanka, ta nuna damtsena.

"Baba, wannan fa?"

"Ƙahon sa ne, a unguwar Hanukope."

"Na wuyan fa?"

Tana tsaye ta saurari goma sha ɗayan nan kaf. Sannan ta sassauta murya.

"Duk waɗannan ba su nemi izininka ba. Na goma sha biyun kai za ka je ka karɓo da ƙafarka. Ranar Alhamis. Ni zan zauna kusa da kai."

Na je. Tsoro ban san shi ba, ita ce dai ta riƙe hannuna har aka tura ni ciki.

Mahauta har gobe sun ɗauka ƙaho ne, ni ma ban gyara musu ba. Amma duk Alhamis ina bencin nan. Ran nan wata Talatu ta ji batun yanka, ta miƙe da jakarta. Zuhura ta dube ni. Na ɗage rigata.

"Kai ma, Baba?"

"Ni ma, shekara shida ke nan. Ajiye jakar, 'yata."

Ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta zauna, jakar na kan cinyarta.