Tela Ta Ƙi Kwanciya

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, a kan kujera aka hau da ita bene, maza uku suna nishi. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ƙafar tana jan ƙasa, hannun kuma sai ka ce na aro. Shekara talatin da ɗaya tana taka keken ɗinki a shagon da ke ƙasan gidan. Unguwa kaf Tela ake ce mata, a bayan idonta kuwa Almakashi, saboda kaifin bakinta.

Babban ɗanta ya zauna a bakin gado yana lallashi. "Umma, kin yi naki. Mu rufe shagon nan ki huta."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Likita ya ce..."

"Likita cewa ya yi in riƙa motsawa. Ina wurin ai, kunnena bai shanye ba."

Da ya fita, ta sa surukarta ta ɗauko allin da take zana yadi da shi, ta ce ta rubuta mata abubuwan da ta ƙudurta a ƙofar kabad. Za ta sauka shago da ƙafarta. Za ta sake kai goshinta ƙasa a sallah. Sai ta ƙara da cewa kullum za ta faɗa wa mutum ɗaya magana mai daɗi, domin a gadon asibiti ta ƙirga waɗanda suka zo duba ta, ta ga kunya ce ta kawo yawancinsu.

Surukar ta danne dariya. "Umma, biyun farko da sauƙi. Na ukun nan fa?"

"Rubuta, 'yar nema. Rubutunki ma kamar kaza ta yi tono."

Sau biyu a mako ake kai ta wurin gashin ƙashi, inda ake koya wa manya tafiya tsakanin ƙarafa biyu. Tela takan yi ta jan ƙafar tana yi mata faɗa kamar yarinyar da ta ƙi aike. A nan ta lura da wata matashiya, malamar makaranta da mota ta buge, wadda kullum take kan keken marasa lafiya, fuska a bango. Ma'aikatan sun ce ƙafafunta za su iya ɗaukarta, ita ce dai ta karaya. Tela ta tuna ba ta yi maganarta mai daɗi ta ranar ba, ta matsa da sandarta.

"'Yata, gyalenki yana da kyau." Ta so ta tsaya nan, bakin ya ƙi. "Amma wanda ya yi miki rigar nan ya cuce ki. Kafaɗa ɗaya tana gabas, ɗaya tana yamma."

Malamar ta juyo a fusace, ta dubi kafaɗarta, sai dariya ta ƙwace mata. Tun daga ranar suke zama tare, amma tashi dai malamar ta ƙi.

Wata rana da azahar, gida ba kowa, Tela ta ture kujerar da take sallah a kai, ta durƙusa. Goshin ya kai ƙasa, ta ji sanyin darduma, hawaye suka zubo mata. Tashi kuma ya gagara. Ta faɗi ta gefe, hannun mara lafiya a ƙarƙashinta, ta kusa awa guda a haka kafin ɗanta ya shigo. Ya ɗaga ta.

"So kike ki kashe kanki? Allah ya halatta miki sallar zaune!"

"Na sani. Ni na kai ka makarantar da ka koyo hakan." Ta dubi idanunsa da suka yi ja, muryarta ta sauka. "Na yi ganganci, ka yi haƙuri. Ba zan ƙara ni kaɗai ba. Amma in kana jira in bari ne, ka nemi wurin zama."

Daga nan surukar take tsaya mata, ta kama ta a sauka, ta kama ta a tashi. Matakalar bene kuwa sai da ta ci wata huɗu, yau uku, gobe biyar, jibi a koma biyu. Ranar da ta kai ƙasa ta buɗe shago, ta kaɗe ƙurar keke, ta taka da ƙafar dama. Layin farko ya fito a karkace. Ta farke shi, ta sake.

Zuwan da ta yi gashin ƙashi na gaba, da yadi shuɗi ta je a jaka, tef ɗin awo rataye a wuya. Ta shimfiɗa yadin a cinyar malamar.

"Naki ne. Tashi in auna ki."

"Mama, ki auna ni a haka mana."

"Ban taɓa auna mutum a zaune ba, ba kuma a kanki zan fara ɓata sunana ba. Ni da hannu ɗaya na zo, ke kina da biyu. Kama ƙarfen nan."

Malamar ta daɗe tana kallon yadin. Sai ta kama ƙarfen. Ma'aikata biyu suka taso da sauri, Tela ta tare su da sanda. Malamar ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa, gwiwoyinta suna kaɗawa, gumi yana tsatsafo mata, har ta miƙe.

Tela ta kama bakin tef da haƙori, ta ja shi da hannun dama daga kafaɗa zuwa ƙasa.

"Ashe doguwa ce ke," ta ce ta gefen baki. "Kar ki zauna, saura ƙugu."