Harsashin Clarrie a Tankin Noelene

Noelene Hartig ta dangwarar da harsashin a kan kantar shagon bindigogi, ya yi ƙara kamar an jefa tsakuwa a kwano.

"Warwick, duba min. Na wace bindiga ne wannan?"

Warwick mai shago ya ɗauka ya jujjuya. Bakin ya lotse, gefe ɗaya ya goge. Ya saci kallon Clarrie, tsohon da ke bayanta, hula a hannu, ya ƙura wa igiyoyin kare ido kamar su ya zo saye.

"Ina kika samo shi, Misis Hartig?"

"A cikin tankina. Jiya da sassafe ina shanya, na ji fiuu ta gefen kunne, sai ƙwal. Kafin in cusa tsumma a hujin, rabin ruwan saman da na tara ya bi ƙasa. Da ƙafata na shiga na lalubo shi. Shekarata saba'in da ɗaya, Warwick, ni ce a cikin tanki!"

Tafki ɗaya ne tsakanin gonarta da ta Clarrie Voss, waya ta raba shi biyu. A nan agwaginta ke yini, a nan kuma dila ke zuwa karin kumallo. Agwagwa talatin ta fara shekara da su, yanzu saura sha ɗaya. Shi ma Clarrie, 'yan ragunansa nawa aka kwashe ran da aka haife su.

"Wannan na babbar bindiga ne," in ji Warwick a hankali. "Mai lamba ɗari biyu da arba'in da uku. Ta aladen daji."

"Wa ke da irinta a hanyarmu?"

Clarrie ya yi gyaran murya.

"Agwagwarki ce fa a bakin dilan, Noelene."

"To ka same shi?"

"Saura kaɗan."

"Ka ji ko? Saura kaɗan. Agwagwa ta tafi, ruwa ya tafi, ni ma saura kaɗan. Tsohon banza, ido ya mutu, yana yawo da igwa."

Ta buɗe jaka ta zaro takardar kai ƙara mai shafi uku. Daga ofishin 'yan sanda ta karɓo ta jiya da rana. Ba ta cike ba. Karatunta a aji biyu ya tsaya, tun tana 'yar tara take fere dankali a rumfunan askin tumaki, sunanta kawai take iya rubutawa. Amma ta san aikin takardar sarai: ran da ta shiga hannun hukuma, lasin Clarrie ya tafi, a zo a kwashe masa bindigogi duka. Clarrie ma ya sani. Shi ya sa da ta tsaya a ƙofarsa da safe ta danna ham, bai tambayi inda za su ba, ya shiga mota.

"In cike miki?" Warwick ya tambaya, ba da son ransa ba.

"Tsaya tukuna. Bayani nake so. Mutum ya harbi dila a bakin ruwa, me ya kawo harsashi gidana?"

Warwick ya shimfiɗa tafin hannu a kan kantar shagon. "Kin taɓa wurga faffaɗan dutse a kan ruwa, ya yi ta tsalle? Haka harsashi ke yi in an harba shi a kwance. Gefen Clarrie fili ne, daidai da fuskar ruwan. Ya taɓa ruwa ya tashi, shi ke nan, sai inda ya tsaya."

"To a ba shi 'yar ƙaramar nan ta zomo."

"Mai lamba ashirin da biyu? Ta fi kowacce tsalle. Dalmarta ba ta fashewa, zamewa take yi."

Ya shiga ciki ya fito da wata siririyar bindiga, ya ajiye harsashinta kusa da wancan. Ɗan mitsitsi ne, da jan baki kamar tsinken ashana.

"Wannan mai lamba sha bakwai ce. Gudu gare shi, amma da ya taɓa abu mai tauri sai ya tarwatse. Cikin taku ɗari, dila ba ya tashi. Fiye da haka, ko in akwai iska, a haƙura."

"Abin wasan yara," Clarrie ya yi ƙunƙuni.

"Kai aka tambaya?" Noelene ta ɗauki harsashin ta auna a tafinta. "Ba ya tsalle ke nan?"

"Ba zan rantse miki ba. Babu harsashin da ake amince wa a kan ruwa. Maganin abin shi ne a harba daga sama zuwa ƙasa, yadda in an kuskure ƙasa ce za ta haɗiye shi."

Noelene ta ajiye harsashin. Tudun da aka tare ruwan da shi a gefenta yake, bayan kejin kaji, tsawon mutum biyu. Daga kansa ana ganin duk bakin tafkin a ƙasa. Can gaba kuma babu komai sai gonar Clarrie: rumfar askinsa, da tankinsa sabo fil mai launin kore.

"Clarrie, waccan igwar taka nan za ta zauna, Warwick ya sayar wa mai farautar alade. Wannan za ka ɗauka."

"Shekara talatin tana hannuna, Noelene."

"Sai ka riƙe ta har 'yan sanda su zo karɓa. Zaɓi."

Clarrie ya ɗauki siririyar, ya kai kafaɗa, ya leƙa madubin saitinta. Ya daɗe yana leƙe. Da ya sauke, fuskarsa ta ɗan saki.

"Ba nauyi," ya ce. "Kafaɗata dai za ta huta."

"Izinin sayenta zai ɗauki 'yan makonni," in ji Warwick.

"Ya yi daidai. Kafin nan ya liƙe min tanki, ya jawo min ruwa daga nasa. Agwagi na kulle su." Ta juya ga Clarrie. "Kuma ba ka ƙara harbi daga gefenka. Kan tuduna za ka riƙa zama, ni ina kusa da kai, don idona ya fi naka. In na ce harba, ka harba."

Warwick ya lissafa abin a ransa, dariya ta ƙwace masa. "Ai daga can tankinsa ne a gaba."

"Sai ya koyi saiti."

Ta ninke takardar 'yan sandan gida huɗu, ta mayar cikin jaka, ba ta yaga ba. Clarrie ya bi jakar da kallo.

"Da wane lokaci zan riƙa zuwa?"

"Kafin rana ta fito. Ka zo da kujerarka. Shayi ne kawai nawa."