Tulun Barira

Malam Ayuba ya taso daga Garatu ya bi ayarin masu zagayen jami'a, don ya ga tulun da marigayiya matarsa Barira ta gina, wanda ke gidan tarihin jami'ar.

Jagoran, Luke, ya nuna tulun. "Wannan ba a san wanda ya gina shi ba."

"Barira ce," in ji Ayuba.

"Baba, abin da ke jikin kati nake karantawa."

Ayuba ya sauke masa sanda a baki. Masu gadi suka rufe tsohon da kulake har haƙarƙarinsa ya karye. Yana kwance cikin jini, shugabansu ya buɗe littafin rahoto.

"Tulun wa ka ce?"

Ranar ce jami'ar ta fara rubuta sunanta.