Hammawa Ya Ƙi Yin Tari

"Baban Jesse! Baban Jesse, taimaka, numfashinsa!"

Muryar Hajja ce, matar maƙwabcina Hammawa, ta ƙetaro katanga. Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na same shi a ɗakin da ke jikin zaure ya zame daga kan matasai, haɓarsa ta kafe a ƙirji, ƙirjin yana ƙara kamar tukunya ta fara tafasa. Leɓɓansa sun yi duhu. Idanunsa kuwa ba ni suke kallo ba, suna kan dattijon da ke zaune a tabarma yana jan carbi. Malam Ja'afaru ke nan, mahaifin Hajja, wanda ya zo dubiya daga Zungur ya ce ba inda za shi sai surukinsa ya samu sauƙi.

Ciwon karkarwa ya daɗe yana cin Hammawa. Dogon Bafillacen da na tarar a unguwarmu ta Ƙofar Ran ya dawo a lanƙwashe, murya ta ƙanƙance. Lilian, ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa duba shi a gida, ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: ciwon ba ya warkewa, amma majinar ƙirji ce za ta yi saurin kai shi ƙasa. A zaunar da shi a miƙe, a ja kafaɗunsa baya, ya shaƙi iska ta hanci, sannan a danna ƙasan haƙarƙarinsa ya yi tari ya tofar. Ni ta koya wa dannawar, wai hannun tsohon soja gare ni.

Na tallabe shi na miƙar, na zagaya hannuwana ta bayansa.

"Shaƙi iska. Yawwa. To, tari!"

Na danna. Na ji tarin ya taso a ƙarƙashin tafina, na kuma ji ya datse baki ya haɗiye shi da ƙarfin tsiya.

"Kai Hammawa, wasa muke yi? Tari na ce!"

Ya sake haɗiyewa. Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Hajja ta yafito ni daga bakin ƙofa. Na jingina shi da bango na matsa.

"Ba zai yi ba," ta ce da ni a hankali. "Tunda aka ɗaura mana aure ko ruwa bai taɓa sha a gaban Baba ba, balle kaki."

"Tun yaushe yake riƙewa?"

"Tun ranar da Baba ya zo."

"To ki ce wa Baban ya fita mana!"

"Ni?" Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ni zan ce wa Baba ya fita?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ga mutuwa iri-iri a aikin soja, amma ban taɓa ganin wanda kunya ta shaƙe ba, kuma ban yi niyyar fara gani a kan abokina ba. Na durƙusa gaban dattijon.

"Baba, don Allah ka ba mu wuri."

"Ɗana, ai addu'a nake masa."

"A yi masa daga waje."

Carbin ya tsaya. "Korata kake yi a gidan 'yata?"

"Korarka nake, Baba. Muddin kana nan ba zai yi tari ba. In bai yi ba kuma, yau ba zai kai la'asar ba."

Ya juya ya dubi Hammawa. Hammawa ya sunkuyar da ido, hawaye na bin kuncinsa. Dattijon ya dafa bango ya miƙe, ya fita.

"To, ya tafi. Shaƙi iska."

Ina! Hammawa ya karkata ido wajen taga. Na leƙa, sai ga dattijon a kan dakalin da ke ƙarƙashinta.

"Yana ji," in ji Hammawa, da ƙyar na tsinci maganar.

In kori tsoho daga titi kuma? Ƙarar ƙirjin sai daɗuwa take, hannunsa na kaɗawa a kan cinyata. Ina shirin fita in ƙarasa rashin kunyar, sai 'yar rediyon dattijon ta ɓarke a ƙarƙashin tagar, ya ƙure ta, ana tallar takin zamani.

Na danna. Hammawa ya yi tari, ya sake yi, har kwanon da Hajja ta tara ya kusa suɓuce mata. Iska ta shiga. Ya jingina kai a kafaɗata ya ce, "Sannu, Soja."

Washegari Lilian ta saurari bayansa. Ta ce majinar ta riga ta zauna a huhu, ga zazzaɓi. Muka kai shi asibiti aka yi allurai, da ya ɗan farfaɗo ya dage sai gida.

Daga nan kullum na yi sallama, Malam Ja'afaru zai ɗauki 'yar rediyonsa ya fita ba sai an ce masa ba. Gaisuwata kam sama-sama yake amsawa. Abin ya yi mini ciwo, amma ban ga laifinsa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi na miƙar da Hammawa kamar kullum, na ja kafaɗunsa baya.

"Shaƙi iska."

Ya shaƙa, ya sake ta a hankali. Na jira ta gaba. Na kira sunansa, na jijjiga shi. Hajja ta ajiye kwanon ta fara salati.

Na kwantar da shi na fito. Dattijon na kan dakali, ya ba taga baya, rediyo a kan gwiwarsa tana ta kwarmato. 'Yan keke na wucewa, mai lemo na tura baro. Na durƙusa a gabansa. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuwana, sannan ya sa yatsa ya kashe rediyon.

Sai a lokacin kukan Hajja ya iso titi.