Na Ashirin da Bakwai a Jerin Ƙauyuka

Ƙauyuka arba'in ne a jerin, kuma Tudun Ɗinya ne na ashirin da bakwai.

Ba Lantana ce ta saka shi ba. Injiniyoyi ne suka yi wata biyar suna yawo, suna auna nisan kowane ƙauye da turakun lantarki, suna ƙirga gidaje da ɗakunan shan magani, sannan suka miƙo sunayen waɗanda suka fi cancanta a kafa musu ƙaramar tashar wutar sola. Aikinta yana farawa ne daga inda nasu ya tsaya. Ita ce jami'ar hulɗa da gwamnati ta wata ƙungiyar kamfanonin sola mai ofis a Wuse. Ita ke bin takarda daga wannan tebur zuwa wancan har shirin ya shiga kasafin kuɗin baɗi. Shekarun nan man fetur na tsada a duniya, ko'ina aka duba a Abuja gini ake ɗagawa, kuma kowa ya ce akwai kuɗin.

Ranar da jerin ya iso a tsaye ta fara karanta shi. Da ta kai lamba ashirin da bakwai sai ta zauna. Ba ta gaya wa kowa cewa a garin aka yanke mata cibiya ba.

Sau ɗaya a mako take jin muryar mahaifiyarta. Ranar Alhamis kasuwar garin da ke maƙwabtaka da su take ci, nan ake kai wayar Inna wurin mai janareto a yi mata caji. Bayan la'asar Inna takan kira, yawanci Lantana na cikin cunkoson hanyar filin jirgi, za ta koma gida Lugbe.

"Ke ce?" haka Inna ke farawa.

Lantana 'yar fari ce. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba.

Sau biyu Lantana tana aika fitilar sola mai cajin waya gida. Ta farko tana ɗakin Hasana ungozoma. Ta biyu tana makarantar matan aure. Inna ba ta iya kunna haske a ɗakinta alhali na maƙwabta na duhu, kuma ba ta iya zuwa roƙon caji a abin da ta riga ta bayar. Lantana ta daɗe da gane cewa wayar nan ba za ta zauna a kunne ba sai ranar da garin duka ya samu wuta.

Saura sa hannu ɗaya, na shugaban kwamitin majalisa da shirin zai bi ta gabansa, Honorabul Badaruddeen. Ranar wata Talata ta je ofishinsa tare da shugabanta, Mista Thaddeus, mutumin da ya koyi Hausa a barikin soja kuma bai taɓa damuwa da bambanta ka da ki ba.

"Lantana, ka bar ni in yi magana," ya ce suna zaune a ɗakin jira. "In ya yi dariya, ka yi dariya. Shekara biyu muna bin wannan abu."

Sa'a uku suka yi kafin a ce su shiga.

Honorabul dattijo ne mai fara'a. Ya tambayi Thaddeus iyali, ya kira Lantana 'yata, ya sa aka kawo musu shayi. Sannan ya saka tabarau ya bi jerin da ɗan yatsa, daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "To amma Thaddeus, ka taimake ni da amsa. In na koma mazaɓata aka ce, Alhaji, kai ka sa hannu aka ba garuruwa arba'in wuta, ina namu? Me zan ce?"

"Oga, injiniyoyi ne suka auna."

"Injiniyoyi ba sa zuwa ta'aziyya a garinmu. Ni nake zuwa. Guda ɗaya nake nema. Kuma wallahi su ma a duhu suke, ku je ku gani."

Thaddeus ya dubi Lantana. Sun san adadin ba ya ƙaruwa, arba'in aka amince. In ɗaya zai shiga, sai ɗaya ya fita.

Honorabul ya ɗauki biro. Yana da tsarinsa, kuma bai ɓoye shi ba: ba ya taɓa abin da ke da mai shi. Ya tsaya a kan na huɗu, ya ce wannan garin surukan wani darakta ne, ya wuce. Na goma sha ɗaya, ya ce abokin aikinsa zai daina gaishe shi. Ya san ƙasar nan kamar tafin hannunsa. Inda bai sani ba yakan tambaya, Thaddeus ya ambaci sunan wani babba, biron ya ƙara gaba.

"Tudun Ɗinya," ya karanta. "Wannan fa? Na waye?"

Thaddeus ya ɗaga kafaɗa. "Lantana, kai ka san jerin."

"'Yata, yana da mai shi?"

Na'urar sanyaya ɗaki na ta ƙugi. Lantana ta ga darbejiyar ƙofar gidansu, da randar da ke gindinta. Maganar na bakinta, kalma biyu ce kawai. Amma manya biyu na kallonta, kuma a gidan da ta tashi ba a buɗe baki a nema wa kai. Ta kuma tuna watanni nawa ta yi tana rantse wa ma'aikatu cewa babu son kai ko ɗaya a jerin nan.

"Babu, ranka ya daɗe," ta ce.

Ya ja layi ɗaya, a hankali, ya rubuta wani suna a gefe. Ya sa hannu a shafi na ƙarshe.

A mota Thaddeus ya buga sitiyari don murna. "Guda ɗaya kawai! Na ɗauka zai ci biyar. Yau ka yi ƙoƙari, Lantana."

Bayan wata huɗu aka ƙaddamar da shirin a wani otal a Maitama. An buga jerin a babban allo, an yi jawabai, an raba wa baƙi jakar tsaraba. Wajen cin abinci Honorabul ya hango ta ya yafito ta.

"'Yata mai takardu! Kullum ina ganinki ban taɓa tambaya ba. 'Yar ina ce ke?"

"Daga wajen Zariya, ranka ya daɗe."

"Zariya da faɗi. Wane gari?"

Ba ta ga hanyar kaucewa ba. "Tudun Ɗinya."

Ya ajiye cokali. Ba mutum ne mai mantuwa ba.

"Wanda na soke?"

Ta sunkuyar da kai.

"Haba, 'yata. Haba! Na tambaye ki fa. Da bakina na tambaye ki." Ransa ya ɓaci da gaske, kamar ita ta yi masa laifi. "Da kin ce naki ne, da na wuce zuwa na ashirin da takwas. Wa zai taɓa garin yarinyar da ta yi wahalar aikin? Kin sa na ɗauki alhakin tsohuwarki."

"Na ga kamar bai dace ba."

"Bai dace ba? To wa kike jira ya faɗa miki?" Ya girgiza kai. "An riga an buga, ba ya gyaruwa. Amma ki tuna min a zagaye na biyu."

Lantana ta san kowace takarda ta shirin. Babu wadda ta ambaci zagaye na biyu.

Ranar Alhamis kiran ya same ta a cunkoso, daf da kwanar Lugbe. Jakar tsarabar na kujerar gefe. Fitilar sola ce a ciki, mai cajin waya, da tambarin ƙungiyarsu a jiki.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Mun ji a rediyo an ba wasu garuruwa wutar rana. Hasana ta ce wai aikinku ne."

"Namu ne."

"To madalla. Allah ya sa su amfana. Namu ma yana tafe, in da rabo."

Lantana ta dubi jakar. "Inna, na samu wata fitilar. Wannan karon ki riƙe ta, don Allah. Ko don wayar."

"Aiko ta," Inna ta ce. "Dama matar Malam Abdulbaƙi ta haihu, ɗakin nan nasu ko taga babu. Ke kuma kina cin abinci kuwa? Muryarki na ji kamar..."

Wayar ta ɗauke. Lantana ta sake kira, aka ce a kashe take. Ta bar ta a kan cinyarta. Motocin gaba suka matsa kaɗan, ita ma ta matsa.