Albasar Turawa a Shafin Alhaji Jibo

Albasa ta yi kyau a Galmi a wannan shekara. Rudunan Alhaji Jibo, wato rumbunan karan da ake ajiye ta, sun cika maƙil, kowa a gidan yana ta hamdala. Mubaraka, ɗiyar ƙanensa da ta gama karatun noma a Tawa, ita kaɗai take kallonsu da fargaba. Ta san da iskar damina ta fara kaɗawa albasar za ta tsira ta ruɓe, dillalai su kwashe ta yadda suka ga dama, kamar yadda suke yi tun kafin a haife ta.

Ta kuwa samo mafita. A wani bajen koli a Yamai ta haɗu da wata mata ƴar Abijan mai kai kaya manyan kantuna. Matar tana son jar albasar Galmi kai tsaye daga hannun mai ita, ba ta hannun dillali ba. Sharaɗinta ɗaya: a aiko mata da shafin intanet mai hotunan kayan da wurin ajiyarsu, ta nuna wa abokan kasuwancinta kafin su turo kamiyo, wato babbar motar kaya.

Mubaraka ta bincika ta gano Rashida a Konni, wadda gina irin waɗannan shafuka ne sana'arta, ta ga ayyukanta da idonta. Ta kawo wa baffanta maganar. Alhaji ya saurara yana ɓantarar goro. Bai tambayi me Rashida ta iya ba, ɗiyar wace ce ya tambaya. Da ya ji bai san uban ba sai ya ce ai Shamsuddin yana nan, ɗan amininsa Mahamudu, mai shagon fotokwafi kusa da tashar Malbaza. Kai aiki waje alhali ɗan amini yana da na'ura, in ji shi, cin fuska ne.

“Baffa, sa waƙa a waya shi ne aikinshi,” in ji Mubaraka.

“To ba duk latse-latse ba ne? Ke da kinka yi lakwal, kinka sha boko, sai ki tsaya mishi.”

Haka aka yanke maganar, kamar yadda ake yanke komi a gidan: babba ya faɗa, sauran suka ce madalla.

Shamsuddin ya iso a kan babur da tabarau da turare mai hawa kai. Bai taɓa gina shafi ba, amma bai ga dalilin faɗin haka ba. Ya ɗauki Alhaji hoto da babbar riga, ya sake ɗauka da carbi, ya sake ɗauka yana riƙe da waya kamar mai magana da ƙasar waje. Mubaraka ta haƙura har suka gama, sannan ta ce a nufi rudu. Nan Alhaji ya tsaya cak.

Ya ce ba a yi. Mutum ba ya buɗe rumbunsa ga idon maƙwabci, balle idon duniya. Wani ya gani ya ce kai, Jibo ya tara, shi ke nan baki ya kama kaya. Mubaraka ta yi bayani har muryarta ta dushe: laima ke ruɓar da albasa, kuma babu mai turo mota tun daga Abijan don kayan da bai gani ba. Ta roƙa a ɗauki ko buhu ɗaya. Ya ce buhu ɗayan ma daga cikin arzikinsa yake.

Shamsuddin ne ya raba gardamar. Ya ce ai intanet cike take da hotunan albasa, sun ma fi na nan kyau.

“Ta wa ce?” Alhaji ya tambaya.

“Ta Turawa ce, Baba.”

“Madalla. In bakin ya tashi, ya faɗa musu can.”

Abokan Alhaji da ke zaune a tabarma suka yi dariya, suka yaba wa yaron da basira. Mubaraka ta ce kada a kuskura a aika komi sai ta gani. Aka ce mata to, irin to ɗin da ake ce wa mace mai yawan magana don ta tafi. Lambar matar Abijan kuwa tana wayar Alhaji, don Mubaraka da kanta ta sa masa, wai don a girmama shi.

Ba ta ga shafin ba sai bayan an aika. A sama ga Alhaji ya cika allo, da sunansa da na mahaifinsa da shekarar da ya sauke farali. A ƙasa ga albasa fara sol da ruwan ɗorawa, manya kamar ƙwarya, jere cikin akwatunan katako a wata gona mai koriyar ciyawa. Ko guda ɗaya ja babu. Garin da sunansa ya kai bakin teku saboda launin albasarsa, ga shi yana tallar ta wasu.

Ta kira matar nan take. Matar ta yi magana cikin ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Ta ce abokanta sun duba, sun ce wanda ya sa wannan hoto ko dai bai taɓa taka Galmi ba, ko kuma macuci ne. Mubaraka ta ce za ta ɗauki hoton gaskiya da wayarta ta turo yanzu, ko baffanta ya so ko ya ƙi. Matar ta ce ta yi haƙuri, sun riga sun ƙulla da wasu mutanen Madawa.

Ruwan farko ya sauka da wuri. Warin ya fara daga rudun gabas, sannan ya game gidan. Dillalai suka zo suna taɓe baki, suna latsa albasar da babban yatsa, suka ɗebi mai kyau a farashin da suka yanka da kansu. Mubaraka ta zauna cikin matan gida suna tsince sauran, hannunta duk yauƙi.

Daga zaure tana jiyo baffanta yana yi wa abokansa bayani. Ya ce su duba fa, hoton ma ba nasa ba ne, amma ambaton albasa kawai da aka yi kusa da sunansa ya jawo wannan asara. Da ya biye wa ɗiyar nan ya nuna rudun, da ko ta miya ba ta rage ba. Kowa ya ce wannan gaskiya ne, Allah ya kiyaye gaba.

Sai ta ji ya ɗaga murya a waya.

“Shamsuddin, ɗana. Cire albasar nan duka. Ka bar hotona kawai, ka ƙara mishi girma.”